Togo: Rage tuwo da shinkafa ya dace da mahaya keke kuwa?

Shawarar rage abinci mai sitaci domin rage ƙiba da saukar da sukarin jini tana yawo a WhatsApp da TikTok, har ta kai zangunan Hausawa na Sokodé da Dapaong, inda tuwon masara, sakwara da shinkafa da wake su ne cimar yau da kullum. Sai dai amfaninta ya dogara da irin aikin da mutum ke yi da kuma maganin da yake sha.

Tsarin yakan taƙaita sitaci da sukari ƙasa da giram 130 a rana, mafi tsananinsa ƙasa da giram 50. Wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2021 ya nuna cewa masu ciwon sukari nau'i na biyu sun samu sauƙi bayan wata shida a kan wannan tsari, amma ribar ta ragu bayan shekara guda. Ga ɗan zemijan da ke wuni zaune a kan babur, rage malmalar tuwo da barin lemon kwalba na iya taimakawa.

Lamarin ya bambanta ga mai tuƙa keke da ƙarfin ƙafarsa, ko ɗan tsere da ke atisaye a hanya mai lamba 1 ta Sokodé zuwa Dapaong, wadda ke haura duwatsun Alédjo, ko mai dakon kaya zuwa kasuwa. Sitacin da jiki ke tarawa a tsoka da hanta yakan ƙare bayan kimanin minti 90 na aiki mai tsanani. Shi ya sa masana wasanni ke ba da shawarar cin giram 30 zuwa 60 a kowace sa'a idan tafiya ta yi nisa. A 2017, binciken Louise Burke a Ostireliya kan 'yan tseren tafiyar ƙafa ya gano cewa masu cin kitse a madadin sitaci ba su samu ƙarin gudun da takwarorinsu suka samu ba.

Haɗarin ya fi girma ga masu allurar insulin ko ƙwayar glibenclamide. Idan suka yanke tuwo suka hau keke ba tare da an rage musu magani ba, sukari na iya faɗuwa ƙasa da giram 0.70 a lita. Daga nan sai jiri da karkarwa, wani lokacin har suma, a kan titin da manyan motocin Burkina Faso ke bi.

Kafin canza cima, mai ciwon sukari ya je asibitin yanki na Sokodé ko Dapaong a auna shi, a daidaita maganinsa. Mai keke kuwa ya rage sitaci a ranar hutu, ya ƙara wake, ƙwai, cuku da ganyen zogale, amma ranar doguwar tafiya ya ci tuwonsa, ya riƙe dabino a aljihu.