Ƙwallon zari-ruga da ƙarfin samarin Damagaram

Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa na Langa-Langa, cikin birnin Zinder, ranar da makaɗa suka saki kiɗa aka fito da ƴan kokowar jiha, ba ya bukatar a gaya masa cewa Allah ya azurta ƙasar Damagaram da ƙarfafan samari. Ga ƙirji, ga damtse, ga ƙafa wadda idan ta kafu cikin rairayi sai an yi da gaske kafin a tumɓuke ta. Tun shekarar 1975, lokacin da aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, Damagaram ba ta taɓa rasa gwarzon da za ta tura ba. Sunan Langa-Langa da aka laƙaba wa filin, da sunan Balla Haruna, sun isa shaida. Sai dai mutum 10 ne kowace jiha take turawa gasar takobi, alhali kuwa ƙidayar 2012 ta sami mutane fiye da miliyan 3 da rabi a jihar Damagaram. Tambayar da ta kamata hukuma da iyaye su yi ita ce: ina sauran ƙarfin yake tafiya?

Wani ɓangare na amsar yana unguwar Kara-Kara. A shekarar 2021 Aïcha Macky, ƴar asalin garin, ta fitar da fim mai suna Zinder, wanda ya nuna wa duniya samarin ƙungiyoyin da ake kira pale, suna ɗaga ƙarafa na haɗin hannu a tsakar gida, jikinsu a murɗe, cike da tabon sara da suka. Mafi yawansu ba su zauna a aji ba, ko kuwa sun zauna an kore su da wuri. Wasunsu sun ga gidan kaso, wasu kuma fasa-ƙwaurin mai daga Najeriya ne ya zame musu abin yi. Unguwar da aka keɓe wa kutare a zamanin da ita ce ta haifi waɗannan ƙarfafa, kuma babu wanda ya zo ya auna gudunsu ko tsallensu, balle ya ce musu ga inda ake bukatar wannan jiki. Ƙarfin da bai sami aiki ba, shi yake nema wa kansa aiki, kuma sau da yawa ba aikin alheri yake samu ba.

Akwai wani wasa a duniya wanda irin wannan jiki yake nema ido rufe, wato ƙwallon zari-ruga, wanda Turawa suke kira rugubi. Mutum 15 ne a kowane gefe, ana yin minti 80, ƙwallon kuma mai siffar ƙwai ce. Ana ɗaukar ta da hannu a ruga, ba a miƙa wa abokin wasa sai ta baya, kuma abokin gaba yana da izinin ya kama mai ƙwallo ya kayar da shi ƙasa. Wanda ya kai ta bayan layin abokan gaba ya dangwala ta a ƙasa ya ci maki 5. Wasan yana da gurbin kowane irin jiki: gajere mai kauri yana gaba wurin ture-ture, dogo yana cafke ƙwallo a sama, mai sauri yana gefe. Nijar tana da hukumar wannan wasa da ƙungiyar ƙasa, amma a Yamai ya fi zama sananne, kuma yaro a Birni ko Zango ko Garin Malam zai iya girma har ya yi aure bai taɓa riƙe irin wannan ƙwallo ba.

Idan ana zancen baiwa cikin zari-ruga, sunan da yake fara zuwa bakin masana shi ne Jonah Lomu na ƙasar Niyu Zilan. An haife shi a 1975, shekarar da aka fara gasar takobi, iyayensa kuwa ƴan asalin tsibirin Tonga ne. Tsawonsa mita 1 da santimita 96, nauyinsa wajen kilo 120, amma yana gudun mita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa 11. Kafin shi ba a saba ganin mutum mai wannan nauyi yana wasa a gefe, wurin masu sauri, ba. A gasar cin kofin duniya ta 1995 a Afirka ta Kudu, ranar karawar kusa da ƙarshe da Ingila, ya dangwala ƙwallo sau 4, kuma a ta farko sai da ya bi ta kan mai tsaron baya ya wuce, kamar yadda bijimi yake bi ta kan dangar kara. Ya bar wasa da dangwale 15 a gasar kofin duniya.

Masu ba da labarinsa sun fi son tsayawa a nan, su ce halitta ce kawai. Wannan rabin gaskiya ne. Lomu ya taso a kudancin birnin Okland, cikin unguwannin talakawa inda ƙungiyoyin ƴan daba suke da ƙarfi, kuma shi kansa ya kusa bin wannan hanya. Abin da ya raba shi da ita shi ne makarantar kwana ta Wesley College, inda ya sami abinci a kan kari, da malamai, da fili, da gasar guje-guje wadda ta fito da saurinsa a sarari. Ko bayan haka ma baiwar ba ta wadatar ba. A 1994, yana da shekara 19, aka saka shi cikin ƙungiyar ƙasa ya kara da Faransa sau biyu. Faransa ta ci duka biyun, aka ga yaron bai gama sanin inda ake tsayawa ba, aka ajiye shi. Sai da ya koma ya sha horo kafin ya zama Lomun da duniya ta gani bayan shekara guda. Da a Kara-Kara aka haife shi, da wuya sunansa ya wuce bakin unguwa.

Labarin Siya Kolisi ya fi kusa da gida. A unguwar Zwide ta baƙaƙen fata aka haife shi, a 1991, kakarsa ce ta rene shi, kuma ya san kwana da yunwa. Yana da shekara 12 aka gan shi a wata gasar yara, aka ba shi gurbin karatu kyauta a makarantar Grey. A 2018 ya zama baƙar fata na farko da ya shugabanci ƙungiyar Afirka ta Kudu, ya ɗaga kofin duniya a Japan a 2019, ya sake ɗaga shi a Faransa a 2023. Shi kuwa Thierry Dusautoir, wanda aka haifa a Abijan a 1981, da kokowar judo ya fara, bai shiga zari-ruga ba sai yana da shekara 16. A 2007 ya kama abokan gaba ya kayar har sau 38 cikin wasa guda da Niyu Zilan, a 2011 kuma aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan duniya. Abin da ya koya wurin kamawa da kayarwa shi ne jarinsa.

Wannan jari kuwa yana zube a Damagaram. Yaron da ya taso yana kokowa a dandali bayan an kawar da amfanin gona ya riga ya san yadda ake rage tsawo, a kama ƙugu, a ɗauke ƙafa, a faɗi ba tare da an karye ba. Waɗannan su ne abubuwan da masu horo a Turai suke shan wahalar koya wa yaransu. Haka nan wasan langa, wanda yara suke yi da ƙafa guda a hannu, ana kare ruwa har ya kai gida yayin da ƴan ɗaya gefen suke neman ture shi, ba shi da nisa da ruhin zari-ruga: gudu, da ture-ture, da tsare ɗan uwa. Ba a cewa a bar kokowa. Kokowa gado ce, kuma ta yi wa haɗin kan ƙasa aikin da jawabai ba su yi ba. Magana ita ce takobi guda ne a shekara, kuma a zamanin da mutum ɗaya, Issaka Issaka na Doso, ya ɗauke shi har sau 6 ya zuwa 2023, ɗaruruwan ƙarfafa sun tsufa ba su taɓa kusantarsa ba. Suna bukatar ƙofa ta biyu.

Za a sami masu cewa wasan Turawa ne. Ƙwallon ƙafa ma baƙuwa ce, ga ta kuwa a kowane lungu. Za a sami masu cewa garin da yake fama da ƙarancin ruwan sha tun shekaru aru-aru ba shi da ruwan da zai shayar da ciyawar fili. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya ga layin jarkoki a Zinder cikin watan Afrilu ba zai raina ta ba. Amma akwai nau'in wasan na mutum 7 a kowane gefe, minti 7 sau biyu, kuma yara suna iya fara shi a kan rairayi, ƙafa ba takalmi. Rairayi kuwa ba a sayen sa a Damagaram, filin Langa-Langa ma ba kullum ake kokowa a cikinsa ba. Da wannan nau'i ne ƙasar Fiji, wadda mutanenta ba su kai miliyan 1 ba, ta sami lambar zinariya a wasannin Olamfik na Riyo a 2016, bayan ta doke Birtaniya da ci 43 da 7, ta kuma maimaita a Tokiyo. Kafin 2016 Fiji ba ta taɓa samun lambar Olamfik ko ɗaya ba.

A wannan gasa ta Riyo ɗin ce Abdulrazak Isufu Alfaga ya kawo wa Nijar lambar azurfa a wasan taikwando, shekara 44 bayan tagullar da Isaka Dabore ya samo a damben zamani a Munik a 1972. Har zuwa wasannin Paris na 2024 lambobi biyun nan su ne duk abin da ƙasar ta mallaka. Alfaga ya zama zakaran duniya a 2017, amma a Jamus ya sami horon da ya kai shi can. Ƙasa ta haifa, wasu suka rena. Ba abin kunya ba ne ga ɗan wasan, abin tunani ne ga hukumomin wasanni.

Akwai haɗari, kuma ɓoye shi zalunci ne. A gasar 1995 ɗin da ta ɗaukaka Lomu, ɗan wasan Kodebuwa Max Brito ya faɗi ƙarƙashin abokan gaba minti kaɗan da fara karawa da Tonga, ƙashin wuyansa ya karye, bai sake tafiya da ƙafarsa ba har ya rasu a 2022. Lomu kansa yana wasa ne da ciwon ƙoda, aka yi masa dashe a 2004, ya rasu a 2015 yana da shekara 40. Girman jiki ba ya nuna abin da yake ciki. Saboda haka duk wanda zai tara yara ya ce su yi karo da juna, lalle ne ya fara da malamin da ya san ƙa'idar kamu, da likitan da zai duba su kafin a fara, da dokar da ta hana haɗa ƙaramin yaro da wanda ya fi ƙarfinsa. Ƴan ƙananan yara ma ba a barinsu su kayar da juna, taɓawa kawai ta isa. Haka kuma wajibi ne a yi hattara da dillalan da za su zo da alkawarin kai yaro Faransa. Wanda aka kai bai iya karatu ba, ranar da gwiwarsa ta lalace ba shi da abin komawa.

Sa'an nan ga maganar ciki. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma jihar Damagaram tana cikin jihohin da tamowa ta fi addabar ƙananan yara. Lomu da Kolisi duka a makarantar da ake ciyar da ɗalibai jikinsu ya cika. Shirin wasanni wanda bai haɗa da tukunyar makaranta ba, zai tsaya ne a hotunan ranar buɗewa.

Zinder ta san yadda ake tara matasa. Ita ce ta karɓi bikin matasa na ƙasa na farko a 1976, a zamanin samariya, kuma kowace unguwa tana da shugabannin da samari suke jin maganarsu, har cikin ƙungiyoyin pale ɗin kansu. Abin da ake nema daga ofishin matasa da wasanni na jiha, da hukumar birni, da hukumar zari-ruga ta ƙasa, bai fi ƙarfinsu ba. A ɗauki malaman motsa jiki na kolejoji da lise-lise a koya musu ƙa'idojin wasan lokacin hutu. A nemi tsofaffin ƴan kokowa, waɗanda da yawansu suke zaune ba aikin yi, a ba su alawus su koyar da kamu da faɗuwa. A nemi fadar Sarkin Damagaram ta sa baki wurin iyaye da masu unguwanni, domin maganar da ta fito daga fada ta fi saurin shiga gida. A sa gasar unguwanni da makarantu tsakanin Nuwamba da Fabrairu, bayan kaka, kafin zafin bazara ya sauko, a kuma sa sharaɗi cewa yaron da ba ya zuwa aji ko wurin koyon sana'a ba zai shiga fili ba. Kara-Kara ce ya dace ta karɓi karawar farko, da awon gudu da na tsalle, a rubuta sunan kowane yaro da shekarunsa da abin da ya yi cikin littafin da zai zauna a ofishin jiha, domin a sake auna shi baɗi.