Masu Narka Dalmar Birgi Da Idon Doka

Duk wanda ya zaga kasuwannin ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum zai tarar da masu sayar da kayan su, ga ƙugiya da mamari, ga homa da birgi, da yawansu kuwa aikin hannu ne na gida. Sana'a ce ta halas wadda masuntan Gulbin Zamfara suka dogara da ita tun kaka da kakanni. Amma akwai abubuwa biyu da ya kamata mai yin kayan da ma'aikacin hukuma su zauna su dube su.

Na farko yana rubuce a doka. Dokar Kamun Kifi ta Ruwayen Cikin Ƙasa, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1992, ta hana su da guba, da nakiya, da wutar lantarki, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, sai wasu 'yan nau'o'in raga da ta keɓe. Dalili a fili yake: raga mai ƙananan idanu tana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su yi ƙwai ba. Wanda ya saƙa irin wannan raga ya sayar, ya jefa mai saye cikin laifi, ko da shi kansa bai taɓa tsoma ƙafa a ruwa ba.

Na biyu shi ne ya fi nauyi, shi ne kuma ba a cika zancensa ba. Birgi ba ya nitsewa sai da dalma a bakinsa, haka kuma akan ɗaura wa igiyar ƙugiya dalma don ta kai ƙasa. To, daga ina dalmar take fitowa? Sau da yawa daga tsohon batirin mota ne, a fasa shi, a narka a kan gawayi a tsakar gida, yara na wasa a gefe, tukunyar tuwo na kan murhu. Ƙura da tokar da suka zube ba sa ruɓewa, suna nan cikin ƙasa shekara da shekaru, yaro mai rarrafe kuwa hannunsa ba ya rabuwa da bakinsa.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a yi musu bayanin gubar dalma. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Gaskiya ne waccan masifa daga niƙan dutsen zinariya ta fito, babu hannun masunta a ciki. Sai dai jinin yaro bai san bambancin dalmar haƙar ma'adini da ta birgi ba, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu wani ɗan mizani nata da ba ya cutarwa.

Ingila ta hana sayar da yawancin ƙananan dalmar kamun kifi tun 1987, saboda tsuntsayen ruwa da ke haɗiye ta suna mutuwa. Can don tsuntsu aka yi, nan kuwa maganar 'ya'yan mutane ake yi.

Kame da tara ba za su yi magani ba, don mai narka dalma zai koma ƙuryar ɗaki ne kawai, abin ya ƙara muni. Abin da ya dace shi ne ƙananan hukumomin nan uku su kira sarakunan ruwa da maƙera, a yi rajistar masu wannan sana'a ba da kuɗi ba, a ware musu rumfa a bayan gari nesa da rijiya, a hana narka a cikin gida. Hukumar kiyaye muhalli ta NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke da alhakin sa ido kan yadda ake sarrafa tsofaffin batura, sai ta aiko jami'anta su koyar kafin su hukunta. Maƙeran Gummi da Anka kuwa sun iya ƙarfe, in aka ba su samfuri za su ƙera nauyin birgi da shi, ko da zai fi na dalma girma kaɗan.