Wai Shin Wa Ke Sauraron Mai Fiyano?

Jama'a, akwai wata sana'a da Jamusawa suka daɗe da ita, mu kuwa a Kano har yau ba mu ma san muna buƙatarta ba, wato mutum ya kasance shi ne mai tsara kiɗa, kuma shi ne mai ɗaukar alƙalami ya yi sharhi a kan kiɗan wasu. Tun a 1834 wani makaɗinsu mai suna Robert Schumann ya kafa mujalla a birnin Leipzig wadda ba ta da aiki sai zancen kiɗa, kuma har gobe tana fitowa. Na baya-bayan nan akwai Wolfgang Rihm da ya rasu a 2024, ya bar kiɗe-kiɗe ɗaruruwa, ya koyar da ɗalibai, ya kuma bar rubuce-rubuce a kan sana'ar. Suna ma da ƙungiya mai suna GEMA da ke karɓo wa mai kiɗa haƙƙinsa duk sanda aka sa aikinsa a rediyo ko wurin taro.

To mu dawo gida. Duk wanda ya tashi a Fagge ya san kunnenmu ba iri ɗaya ya sha ba. Ga waƙoƙin Indiya daga silimar Plaza, ga kalangun Shata a rediyon mai shayi, ga bandirin 'yan ɗariƙa da dare, sannan in ka tsallaka Sabon Gari ranar Lahadi ka ji fiyanon coci, da daddare kuma na makaɗan otal. A cikin wannan gaurayen aka haifi kiɗan finafinanmu. Samarin da suka fara danna Casio da Yamaha bayan fitowar Turmin Danya a 1990 ba makarantar kiɗa suka yi ba, da kunne suka koya, amma su ne suka sa fim ɗin Sangaya ya shiga kowane lungu, har matan aure na rera waƙarsa a bakin murhu.

Yanzu ka tsayar da mutum goma a Bata ka tambaye su wa ya yi wasa a Sangaya, kafin ka rufe baki za su ce Ali Nuhu. Tambaye su wa ya kaɗa fiyanon, sai kallon kallo. Haka Jarumar Hamisu Breaker da ta karaɗe gari a 2020: mai murya aka sani. Abin da mai kiɗa ke samu bai wuce mawaƙi ya ambaci sunansa a ƙarshen waƙa ba, kamar yadda ake gode wa wanda ya kawo ruwa a wurin biki, sai kuɗin zama ɗaya da aka ba shi a situdiyo, shi ke nan, ko da waƙar za ta shekara goma ana cin abinci da ita.

Ni a ganina rashin mai sharhi ne ya jawo haka. Mu marubuta an zage mu, an kira aikinmu Adabin Kasuwar Kano, Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme suka yi ta fafatawa a jaridu, amma wallahi wannan faɗan ya yi mana rana, domin kafin mutum ya zage ka sai ya karanta ka. 'Yan fim ma sun samu mujallar Fim tun 1999. Shi kuwa mai fiyano, magana biyu kawai ake yi a kansa: ko a ce waƙa ta yi daɗi, ko a ce ta ɓata tarbiyya. Hukumar tace finafinai da aka kafa a 2001 kalmomi da rawa take dubawa, wannan ne aikinta. Malaman jami'a irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi wa waƙar baka hidima babba, sai dai yawancin ɗaliban da ke bin sahunsu baitoci suke feɗewa, turke da salo, su bar sautin yana kallonsu.

Alhali akwai abin faɗa. Kalangu na gaske magana yake yi, domin makaɗi na matsa shi a hammata yana sassautawa, sauti ya hau ya sauka kamar harshen Hausa. Wanda ke cikin na'ura kuwa a sandare yake, bugu ɗaya murya ɗaya. Akwai masu fiyanon da suka gane haka suke nemo dabarar lanƙwasa shi, akwai kuma malalatan da ke ɗauko karin Indiya ɗungurungum su canza masa riga. Wa zai rarrabe mana su? Ba ni ba, ni labari na iya. Sai wanda yatsunsa suka san wurin.

Na san za a ce in mai kiɗa ya soki ɗan'uwansa a rubuce za a kira shi mahassadi, gobe ma a daina kai masa aiki. Gaskiya ne, garin namu ƙarami ne ta wannan fuskar. To ya fara da waɗanda suka riga shi mana. Ya zauna ya rubuta mana shafi biyu a kan yadda aka haɗa kiɗan Sangaya, wace na'ura, wane sauti aka aro daga ina, me ya sa ya kama zukata. Yawancin waɗanda suka yi wannan aikin a shekarun 1990 gemunsu ya fara fari, kaset ɗin kuma da ke ɗauke da sunayensu a bango tuni 'yan gwangwan suka kwashe.