Ƙwaƙwalwar A-Kori-Kura da Sharaɗin "Ba A Mayarwa"

Ya ɗan'uwa mai karatu, akwai wani sharaɗi da ya zama ruwan dare wajen masu sayar da kayan gyaran mota, a nan Sabon Gari da sauran kasuwanninmu. Wani ya rubuta shi a ƙasan rasit, wani ya faɗa da baki bayan kuɗi sun shiga aljihu: kayan wuta ba a mayarwa. Ra'ayina shi ne wannan sharaɗi, a yadda ake aiki da shi, zalunci ne, kuma inda zaluncin ya fi fitowa fili shi ne cinikin 'yar akwatin nan da makanikai ke kira birenbos, wato ƙwaƙwalwar injin mota.

Iyayenmu da suka tuƙa Fijo 404 da 504 a-kori-kura, irin na kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975, ba su san wannan damuwa ba. Motarsu kabureta ce da filogi, makanike ya kasa kunne ya ji ciwonta, ya kwance, ya nuna maka abin da ya ci da idonka. A-kori-kurar da ke ɗauko masara daga Giwa ta biyo ta Shika da Samaru a yau, galibi tsohuwar Hilux ce ko 'yar'uwarta da ta gama yayinta a Turai ko Amurka, kuma kwamfuta ke tafiyar da injinta. Kwamfutar tana karɓar rahoto daga na'urorin ji da ake kira sansa: wannan ya faɗa mata saurin juyawar inji, wancan yawan iskar da ke shiga, wani zafin ruwa, wani abin da ke fita ta salansa. Da waɗannan rahotanni take yanke yawan man da za ta fesa da lokacin da wuta za ta tashi, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. In ta mutu, mota ta mutu. Amma in sansa guda ya yi mata ƙarya, ko wayar da ta haɗa ta da jikin mota ta yi tsatsa, alamun da direba zai gani kusan iri ɗaya ne. Nan ne matsalar ta faro.

Mahaifin wata ɗalibata, mazaunin Samaru, da tsohuwar a-kori-kura yake ciyar da gidansa. Ana tsakiyar kaka motar ta fara mutuwa da zarar inji ya yi zafi. Mai wayarin ya duba, ya ce birenbos ce. Ya je Sabon Gari ya sayo 'yar Beljiyam, aka ɗaura, mota ko tari ba ta yi ba, domin lambar jikin akwatin ba ta dace da ta motarsa ba. Ya mayar, aka nuna masa ƙasan rasit. Ya ci bashi ya sayi ta biyu, mota ta tashi, ta sake mutuwa a hanya kamar da. Daga ƙarshe wani yaro mai na'urar bincike ya jona, ya gano sansan da ke auna juyawar inji ne, abin da bai kai rabin kuɗin akwati ɗaya ba. Kafin nan lodin kaka ya wuce shi. Ni abin da na gani a aji shi ne yarinyar ta daina zuwa don kunyar kuɗin wata, sai da muka aika aka kira ta.

Wannan na'urar bincike ba sabon abu ba ce. Tun daga samfurin 1996, dokar Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci da a-kori-kura wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, tsarin da ake kira OBD-II, Turai kuma ta bi sahu ga motocin fetur a 2001. In aka jona, kwamfutar motar da kanta take faɗin kokenta da lambobi. P0335 na nuni ga layin sansan juyawar inji, P0601 kuwa na nuni ga lalacewa a cikin ƙwaƙwalwar kanta. Lambar ba hukunci ba ce, shaida ce da sai an bi ta da mita an tabbatar. To amma wanda bai ko saurari shaidar ba, da me ya yanke hukunci? Abin dariya, wasu na kiran mai wayarin da sunan riwaya. Mu a makaranta riwaya ba ta karɓuwa sai da isnadi, ga shi a gareji ana karɓarta da "ina jin".

A fiƙihun Malikiyya da muke karantarwa, mai sana'ar da ya zauna don yi wa jama'a aiki yana da lamunin abin da aka damƙa masa, kamar yadda Risalar Ibn Abi Zaid ta kawo a kan masu sana'a. Ba ina cewa duk makaniken da ya yi kuskure a ci shi tara ba. Ina cewa faɗin abin da ba ka tabbatar ba, alhali wani zai ci bashi a kan maganarka, ba ƙaramin abu ba ne. "Wannan ya fi ƙarfina, je wurin mai na'ura" ba ta rage wa ƙwararre daraja.

Sai mai shago. Kowa ya san hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, lokacin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma kore mai algus daga tafarkinsa. Ka lura, hatsi ana iya cusa masa hannu. Birenbos kuwa akwati ce a rufe, mai kyau da matacciya kamanninsu ɗaya, ba ta nuna halinta sai a jikin mota. Ta keto teku, ta bi ta Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano, an cire ta daga motar da babu wanda ya san ko ambaliya ce ta kashe ta. Sayar da irin wannan ba tare da damar gwaji ba, garari ne tsantsa. Kuma malamanmu sun tabbatar wa mai saye zaɓin mayar da kaya in ya tarar da tsohon aibi. Sharaɗin kuɓuta daga aibi ba ya wanke mai sayarwa daga aibin da ya sani ya ɓoye. Ko dokar ƙasa ta kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mutum damar mayar da kayan da bai yi aikin da aka saye shi dominsa ba.

Na zauna da masu shaguna, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa mutum zai karɓi lafiyayyar akwati, ya ɗaura a motar da wayoyinta ke haɗuwa, ta ƙone nan take, ya dawo yana rantsuwa haka aka ba shi. Wani ma ya musanya da tasa tsohuwar. Wannan gaskiya ne, kuma shi ma algus ne, daga ɓangaren mai saye. Mu kanmu muke kashe waɗannan akwatuna: a cire kan batir inji na aiki don a gwada caji, a yi walda a jikin mota ba a cire batir ba, a juya wayoyin jona batir, a wanke inji da ruwan famfo mai ƙarfi. Sai dai maganin mai ha'inci guda ba shi ne a ɗora asara a kan kowane mai saye ba.

Shari'a ta riga ta ba mu mafita, wato ciniki bisa zaɓi na ɗan lokaci, gwargwadon abin da kayan ke buƙata don a gwada shi. A duba lambar tsohuwar akwati a gwama da ta sabuwar tun a shago, a tambaya ko motar mai giyar hannu ce ko otomatik, a kuma faɗa wa mai saye tun farko in makullin motarsa mai lambar tsaro ne, domin irin wannan sai an daidaita akwatin da makulli kafin inji ya tashi. Mai shago ya sa alamarsa a kan kusoshin akwatin, ya tura yaronsa a ɗaura a gabansa bayan mai wayarin ya auna wayoyin, a rubuta kwana biyu ko uku a rasit. Daga Sabon Gari zuwa Samaru ba tafiyar da za ta gagari yaron shago ba ce. Shugabannin ƙungiyar makanikai da na 'yan kasuwar kayan gyara za su iya mayar da wannan ƙa'ida a zama ɗaya, kuma garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar fasahar sufuri ta NITT a Basawa bai rasa masu koya wa yaran gareji karatun na'ura.

Tsohuwar akwatin kuma a mayar wa mai ita, kada ta kwana a gareji. Dukiyarsa ce, kuma a motocin shekarun 1990 sau da yawa 'yan ƙananan kafasito ne suka tsufa suka zubo ruwa a kan allon ciki, abin da mai gyaran talabijin mai haƙuri zai canja da ƙarfen dalma a wuni guda.