Farautar Gaɓar Teku a Ingila: Shekarar da Ake Koya wa Baƙo Sauke Bindiga

Idan aka ambaci farauta, kowane Bahaushe ya san hoton da ke zuwa masa a rai: rani ya tsaya, an yi gayya, ganga na tashi, karnuka na haki, samari sun cika motoci da gora da adda da bindigar harbi-ka-ruga, kowa na zuba kirari. Gwarzon ranar shi ne wanda ya komo gida da nama mafi yawa. A makon nan ina so in kai ku ga wata farautar ta daban, wadda ake yi a gaɓar tekun Ingila cikin tsananin hunturu, inda ake auna darajar mafarauci da yawan harbin da ya iya haƙura da shi. Na san ta ne saboda na yi shekara guda a matsayin sabon shiga a wata ƙungiyar maharban tsuntsayen ruwa da ke gabashin ƙasar, a lokacin da nake karatun digiri na uku.

Filin wannan farauta shi ne ƙasar da ke tsakanin tudu da teku, wadda ruwa ke rufewa ya kuma janye sau biyu a kowace rana. Laka ce da ciyawar gishiri da ƙananan ƙoramu masu zurfi. Kusan rabin irin wannan ƙasa a Birtaniya tana hannun hukumar da ke kula da kadarorin Masarauta, kuma daga wurinta ko daga wasu masu filaye ƙungiyoyi ke karɓar haya. Da yawa daga cikin wuraren an keɓe su a dokance domin kare halittu, don haka sai hukumar muhalli ta amince kafin a yi harbi. Ma'anar wannan ita ce, mutum ɗaya zai iya jawo a ƙwace wa ƙungiya baki ɗaya filin da ta gada tun kaka da kakanni. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci dalilin duk wani tsanani da baƙo zai gani a shekararsa ta farko.

Tsarin yana da tarihi. A shekarar 1908 wani injiniya mai suna Stanley Duncan, mazaunin birnin Hull a bakin kogin Humber, ya kafa ƙungiyar maharban tsuntsayen ruwa ta Birtaniya da Ailan, wadda a 1981 ta sauya suna ta koma BASC. A wannan shekarar ta 1981 ce kuma aka yi dokar namun daji da karkara, wadda ta fayyace tsuntsayen da aka halatta harbi da lokacin harbinsu. Ana buɗe farautar agwagi da dinya ranar 1 ga Satumba. A kan tudu ana rufewa ranar 31 ga Janairu, a gaɓar teku kuwa sai 20 ga Fabrairu. Daga nan bindiga ta koma akwati, domin lokacin tafiya da sheƙa da ƙyanƙyasa ya gabato.

Kafin sabon shiga ya taka laka, sai ya mallaki lasisin bindiga daga 'yan sanda, waɗanda ke zuwa har gida su yi masa tambayoyi su kuma duba akwatin ƙarfen da zai riƙa kulle ta. Sai ya zauna gaban shugabannin ƙungiya su ji dalilin zuwansa. Idan sun karɓe shi, sun karɓe shi ne a kan gwaji. A ƙungiyarmu, ba a yarda ya fita shi kaɗai ba sai tare da wani daɗaɗɗen ɗan ƙungiya, wanda zai sa hannu a takarda bayan kowace fita. Tun kafin a buɗe farauta aka zaga da mu filin da rana tsaka, ruwa ya janye, ana nuna mana inda ake tsallaka ƙorama da inda laka ke haɗiye mutum har ƙugu. Aka kuma ba mu buhuna muka tsince robobi da tarkacen da teku ya watso. Dattijon da aka haɗa ni da shi tsohon makanike ne, marar yawan magana, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana bin wannan gaɓa.

Darasin farko shi ne ruwa. Kowane maharbi yana yawo da ɗan littafin jadawalin cikar teku, kuma ya san cewa cika mafi girma tana zuwa ne a tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, sannan iska mai ƙarfi tana iya koro ruwa kafin lokacin da aka rubuta. Haɗarin yana ɓoye ne a bayan mutum: yana fuskantar teku yana ganin ruwan da nisa, alhali ƙoramun da ya tsallako sun riga sun cika sun datse masa hanyar komawa. Idan hazo ya sauka, gabas da yamma sukan ɓace, sai na'urar nuna alƙibla ta fitar da shi. Mutanen ƙasar ba su manta da abin da ya faru a mashigin teku na Morecambe a watan Fabrairun 2004 ba, inda cikar teku ta hallaka aƙalla 'yan ƙasar Sin 21 da ke aikin tsintar dodon koɗi da dare. Babu wanda ya gaya musu abin da ake gaya wa sabon shiga a makonsa na farko.

Darasi na biyu shi ne sanin tsuntsu. Ana yin wannan farauta da asuba da kuma almuru, lokacin da agwagi da dinya ke tashi tsakanin makwanci da wurin kiwo. A irin wannan haske launi ba ya bayyana, sai inuwa da kuka da yadda fiffike ke kaɗawa. Akwai agwagwar da namijinta ke fito kamar yaro makiyayi, harbinta halal ne a doka. Akwai dinya mai jan ƙafa da ke zuwa daga Aislan da Girinlan, ita ma an yarda. Akwai kuma wata ƙaramar baƙar dinya da suke kira burent, wadda doka ta hana taɓawa, ga shi kuwa tana yawan ratsawa ta kan mutum ƙasa-ƙasa kamar mai tsokana. Ƙa'idar dattijon nan guda ce: tsuntsun da ba ka iya faɗin sunansa ba, kada ka ɗaga masa bindiga. A yawancin fitar da muka yi ban harba ko sau ɗaya ba, kuma agwagi uku na kai gida a duk tsawon lokacin. Da ƙungiya ta zauna a kan takardata, wannan ƙarancin harbi ne aka yaba.

Sauran ƙa'idojin duk sun bi wannan turba. Ba a harbin tsuntsun da ya wuce nisan taku arba'in, domin raunata shi kawai za a yi ya je ya mutu a banza. Ana son mutum ya fita da karen da aka horar ya ɗauko abin da ya faɗa ruwa. Tun 1999 Ingila ta haramta harsashin dalma a gaɓar teku, saboda agwagi na haɗiye ƙwayoyinsa a matsayin tsakuwar niƙa abinci, guba ta kashe su sannu a hankali. Yanzu ƙarfe aka fi amfani da shi. Idan ƙanƙara ta daskarar da ƙasa kwana bakwai a jere, ana roƙon maharba su sassauta, idan kuma ta kai mako biyu gwamnati kan dakatar da harbin gaba ɗaya na wani lokaci, domin tsuntsu mai yunwa ba ya da ƙarfin gudu. A ƙarshe, kowa sai ya rubuta ranar da ya fita da abin da ya harba, ko da babu komai, a tara a miƙa wa masu fili.

Na san wani zai ce wannan wasan ƙoshi ne, Bature ya ci ya sha yana neman abin ɗebe kewa, mafaraucinmu kuwa cefane yake nema. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ko a Ingila akwai masu ganin bai kamata a harbi tsuntsu don nishaɗi ba sam. Sai dai idan aka duba da kyau, hujjar ta fi ƙarfi a kanmu. Wanda ke farauta don nishaɗi, idan tsuntsu ya ƙare zai sami wani abin yi. Wanda tukunyarsa ta dogara da fadama shi ya fi kowa buƙatar a bar iri. Kuma tarihi ya nuna cewa daga cikin maharba ake samun masu kishin tsuntsu na gaske. Peter Scott, wanda ya kafa cibiyar kare tsuntsayen ruwa a Slimbridge a 1946, ya kuma kasance cikin waɗanda suka kafa asusun WWF a 1961, da bindiga ya fara sanin dinya a cikin laka.

Batun ya shafe mu kai tsaye, domin tsuntsu bai san iyakar ƙasa ba. Kowace shekara bayan damina, agwagin da suka yi sheƙa a Turai da Rasha suna ƙetare Sahara su sauka a Tafkin Chadi da fadamar Haɗeja zuwa Nguru, su haɗu da kirinjijiya da dinyarmu ta gida. Cikinsu akwai wata 'yar ƙarama da Turawa ke kira gagani, wadda namijinta ke da farin zane a saman ido. A Ingila doka ta ba ta cikakkiyar kariya, amma hunturunta a wurinmu take yi. Najeriya da Nijar da Birtaniya duk suna cikin yarjejeniyar AEWA ta 1995 kan tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya. Tafkin Nguru ya shiga jerin dausayin duniya na Ramsar a shekarar 2000, ga kuma mafakar tsuntsaye ta Dagona a jihar Yobe. Amma madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ambaliya ke isa fadamar, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, wurin saukar baƙin ya ƙuntata. Idan aka ƙara harbi marar lissafi a kan wannan, sakamakon ba ɓoyayye ba ne.

Abin da na gani a Ingila ba baƙo ba ne ga al'adarmu. Muna da Sarkin Baka da Sarkin Dawa da Sarkin Ruwa, waɗanda a da maganarsu ke buɗe daji ta kuma rufe shi. A Argungu ana hana su a Matan Fada har sai ranar biki, shi ya sa ake samun giwan ruwa na nuna wa duniya. Ɗan maharbi kan daɗe yana riƙe wa mahaifinsa burgame kafin a damƙa masa baka. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ma tun 1963 take. Abin da ya raunana shi ne igiyar da ke ɗaure haƙƙin farauta da alhakin kula da wurin.

Saboda haka shawarata ga gwamnatocin Jigawa da Yobe da masarautun yankin ita ce su gwada damƙa wa ƙungiyoyin mafarauta masu rajista wasu sassan fadama bisa sharaɗi a rubuce: lokacin buɗewa da na rufewa, jerin tsuntsayen da ba a taɓawa, littafin da ake rubuta abin da aka kama, da shekarar gwaji ga duk sabon shiga a ƙarƙashin wani dattijo. Ƙungiyar da ta kiyaye a sabunta mata, wadda ta saɓa a karɓe. Da zarar mafarauta sun san cewa laifin ɗaya zai raba su duka da filinsu, za su tsare shi fiye da duk wani ma'aikacin gandun daji da ake turowa daga birni ba tare da man babur ba. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Dattawan da suka san fadamar nan tun tana cike suna nan da ransu, kuma yanzu ne ya kamata a haɗa su da samarin da ke ɗaukar bindiga.