Hannun Na Kusa Ya Riga Na Likita

Ran 24 ga watan Disamba na 2010, da almuru, ana jajiberen Kirsimeti, bama-bamai suka tashi a Kabong wajen Gada Biyu da kuma Unguwar Rukuba a cikin garin Jos. Jama'a na tsakiyar cefane abin ya auku. Da farko an ƙirga gawa 32, daga baya da aka haɗa da hargitsin da ya biyo, hukumar agajin gaggawa ta ce sun kai 80. Ran 20 ga Mayu na 2014 kuma aka sake yin wani a kasuwar Taminus, mutum fiye da 100 suka rasu. Allah ya kiyaye na gaba.

To, a irin wannan rana ba likita ke fara isa kan mai rauni ba. Ɗan acaba ne, ko mai kayan miya, ko ɗan dako. Jos ba ta rasa asibitoci ba: ga Jankwano, ga Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ga na Koyarwa na Jami'ar Jos can Lamingo. Amma idan babbar jijiyar cinya ta yanke, mutum na iya ƙarewa cikin minti biyar, kafin ma a sami motar da za ta ɗauke shi. Haka abin yake ga 'yan Arewa mazauna Kurmi, mahauci a mayankar Agege da wuƙa ta kuɓuce masa, ko yaron mota da tirela ta kife da shi a hanyar Ikko zuwa Badun.

Jinin baligi duka bai fi wajen lita 5 ba. In ya rasa lita 2, ransa na kan siraɗi. Yayin da jini ya ragu, sai zuciya ta yi ta gudu don ta cike giɓi, jiki kuma ya janye jini daga fata ya tura wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Wannan hali shi likitoci ke kira shok, kuma ba firgita ake nufi ba, balle jan lantarki. Alamunsa a fili suke ga mai lura. Jiki ya yi sanyi ƙalau alhali gumi na tsattsafowa, bugun jijiyar wuyan hannu ya yi sauri amma ba ƙarfi, numfashi sama-sama, tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari fat. Mutum ya kasa natsuwa, ya yi ta sambatu, ya dinga roƙon ruwa. Wanda mota ta buge kuwa, ko ba a ga ɗigon jini a jikinsa ba, in waɗannan alamu sun bayyana, ciki ya ɗaure, to jinin a ciki yake zuba. Kada a ce ai ya miƙe da ƙafarsa a sallame shi. Saurayi mai ƙarfi yakan daɗe yana magana garau, sa'an nan ya zube gaba ɗaya.

A nan ne tausayi ke yin ɓarna. Da an yi haɗari abin da aka fara nema ruwa ne, a kwarara wa mutum a ka, a ɗura masa a baki. Duka biyun kuskure ne. Wanda hankalinsa ya raunana yana iya shaƙewa, kuma in za a yi masa tiyata, cikin da ke cike haɗari ne. In ƙishi ya dame shi, a jiƙa masa leɓe kawai. Jiƙa jiki kuwa ya fi muni, domin jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa da wuri, sai zuba ta ƙaru. Wanda ya san sanyin Jos a watan Disamba ya san abin da ake faɗi. Bargo ake bukata, ko babbar riga, a shimfiɗa a ƙasa a kuma lulluɓe shi. Su kuwa masu zuba ƙasa, da toka, da garin taba, da man birki irin na garejin kanikawa, ƙazanta kawai suke ƙara wa likita ya sha wahalar wankewa.

Aikin gaskiya a tafin hannu yake. A sami tsumma mai tsabta, ko ɗankwali, ko rawani, a ɗora bisa raunin a danne da ƙarfi, ba ɗagawa don a leƙa, har minti 10 ko fiye. In ya jiƙe a ƙara wani a kai. In raunin rami ne a cusa tsumman ciki sa'an nan a danne. Mai taimako ya sa hannunsa cikin leda in babu safar roba. Ƙarfe ko kwalbar da ta shige jiki kada a zare ta, ita ce toshiyar, a danne gefenta.

Idan jini na feshi daga hannu ko ƙafa, danna ta gaza, sai ɗauri. A naɗa ƙyalle mai faɗi kamar yatsa uku sama da raunin, ba kan gwiwa ba, a sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya. Igiya da waya yanka nama suke yi. Zai yi ihu, a bar shi ya yi. A rubuta lokacin da aka ɗaure, kuma kada kowa ya kwance sai likita. A kwantar da shi rigingine, in ya suma yana numfashi a juya shi gefe, ana tallafe da kai da wuya. Wani ya buga 112, ko 122 ta jami'an kiyaye haɗurra in a kan babbar hanya ne. Gaggawa na da dalili: akwai allurar Tranexamic acid da ke rage zubar jini, amma amfaninta cikin awa uku na farko yake.

Saura tsoro. Baƙo a Kurmi yakan ga mutum kwance cikin jini ya kauce, don kada a ce shi ya aikata, ko asibiti su ce sai da takardar 'yan sanda. Ba za a ce wannan tsoro ba shi da tushe ba. Amma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar agajin gaggawa, ta 2017 kuma ta wajabta jinyar wanda aka harba ko da takardar 'yan sanda ko babu, ta kuma hana a takura wa wanda ya kawo shi da tambayoyi marasa dalili.

Wannan sani bai fi na yini guda ba. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, da shugabannin mahauta da na direbobi, suna da ikon tara mutanensu. 'Yan agajin Jama'atu da na Fityanu da na Izala, wadda a Jos ɗin aka kafa ta a 1978, suna da horo da yawan jama'a. Su gayyato ma'aikatan Red Cross su koyar, kuma kowace tasha da mayanka ta ajiye akwati mai bandeji da safar hannu da bargo biyu, a hannun wanda ba ya kulle shi ya tafi da mabuɗi.