Kafin A Sayo Furosesa Mai Harafin K, A Tuna Da Zafin Afrilu

Zuwa ga 'yan uwanmu mazauna Agege da Idi Araba a Ikko, waɗanda muke yawan ɗora wa nauyin shiga kasuwar Computer Village ta Ikeja su sayo mana kaya su sako a mota. Allah Ya saka da alheri.

Yau magana ce a kan samarinmu da suka fara harhaɗa kwamfutar tebur da hannunsu, masu aikin bidiyon biki da masu zanen fosta da masu shagon gem. Abin a yaba ne. Sai dai akwai wani yayi da ya shigo, wato matsa wa furosesa ta yi gudu fiye da wanda kamfani ya yanka mata, abin da masu gyara ke kira obakulok. Ni a ganina, a garinmu da aljihunmu, wannan asarar kuɗi ce.

A da can abin yana da riba. A 1998 akwai Celeron 300A ta kamfanin Intel, mai araha, wadda mutane ke ɗaga gudunta daga megahaz 300 zuwa 450, ƙarin rabi ke nan a kyauta. To furosesar yau da kanta take ƙara gudu idan ta samu sanyi, kamfani ya riga ya tatse kusan duk abin da ke cikinta, ɗan abin da ya rage maka bai taka kara ya karya ba. Kuma a Intel sai ka sayi mai harafin K a ƙarshen lambarta, ka haɗa da madabod mai harafin Z irin su Z690 ko Z790, kowanne da ƙarin kuɗinsa, kafin ma ka sayi babbar fanka.

Sai batun zafi, wanda shi ne ya fi damuna. Ƙarin gudu yana son ƙarin ƙarfin wuta, idan ka ƙara kashi 10 cikin ɗari a ƙarfin wutar, zafin da take fitarwa yakan ƙaru da fiye da kashi 20. Baturen da kuke kallo a YouTube yana gwajinsa ne a ɗaki mai sanyin digiri 21 ko 22. Mu nan Shadawanka a watan Maris da Afrilu zafi yakan kusa digiri 40, shago kuma rufin kwano. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take hurawa. Da zarar furosesa ta kai digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, ka ga kuɗin da ka biya don gudu ya tafi a banza. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga wutar janareta da ke hawa da sauka. Ko Intel ɗin kansa a 2024 ya amsa cewa wasu furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa saboda yawan ƙarfin wuta, har ya ƙara wa masu su garantin shekara biyu. To kai da aka sako maka taka a motar Ikko, wa za ka mayar wa?

Mahaifina ɗan kasuwa ne, kuma a rumfarsa na koyi cewa jari ba a ɗora masa abin da zai karye. Kwamfutar mai bidiyon biki jarinsa ce. Ta tsaya ana tsakiyar fitar da aiki, dangin amarya ba ruwansu da megahaz.

Inda kuɗin ya kamata ya tafi shi ne ram. Sanda biyu masu gigabait 8 sun fi sanda ɗaya mai 16, don biyun hanya biyu suke buɗe wa furosesa, kuma wanda ba shi da katin hoto na daban shi ya fi jin bambancin. Su zama iri ɗaya, kamfani ɗaya, gudu ɗaya, a madabod mai rami huɗu kuma galibi rami na biyu da na huɗu ake sa su. DDR4 mai gudun 3200 ya ishi kowa. Amma fa idan ba ka shiga BIOS ka kunna XMP ba, sau da yawa a 2133 ko 2400 zai tsaya, ka biya kuɗin doki kana tafiyar jaki. Wannan kaɗai ce matsawar da na yarda da ita, ita ma sai an bar MemTest86 ya kwana yana gwaji. DDR5 ba ya shiga ramin DDR4, kuma madabod ɗin AM5 da AMD ya fitar a 2022 DDR5 kawai yake karɓa. A ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabi a duniya saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe shi, saboda haka wanda yake da DDR4 mai lafiya ya riƙe abinsa.

A furosesa kuwa, Ryzen 5 5600 mai ƙwaya shida, wat 65, a kan madabod B450 ko B550, ko Core i5-12400 ta Intel, kowacce za ta yi aikin shago ba tare da ta dafa ɗaki ba. Ita 5600 ɗin tana buƙatar katin hoto, wanda ba shi da halinsa ya nemi 5600G. Masu sayen na hannu su lura, Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga Intel zubi na 8 ko Ryzen 2000 yake farawa. Kada sunan i7 ya ruɗe ku, akwai i7 da ta haura shekara goma.

Roƙona gare ku 'yan uwa na Ikko, idan yaro ya turo kuɗi ya ce a sayo mai K, a kira shi a tambaye shi ko yana da UPS da tukunyar wuta ta kirki. Kafin a biya kuma a sa mai shago ya kunna kayan a gabanku, ya buɗe CPU-Z ku ɗauki hoton lambar furosesar da ta ram ɗin ku turo mana.

Naku, daga Shadawanka, Bauchi.